Bayan Gidan Kafinta

"Fayil ɗinka ba ya nan," in ji akawu, ko ɗaga kai bai yi ba.

Kafinta ya dafa teburin da hannu biyu. Wata bakwai ke nan yana sintiri a ofishin tsara gari, har masu gadi sun daina tambayarsa wurin wa ya zo. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba: izinin yanke filin da ke bayan gidansa, a yi masa lamba da takarda, ya zama na ƙanwarsa Auta. Mijinta ya rasu bara, yanzu an ba ta wata uku ta tashi daga gidan ma'aikata, ita da 'ya'ya huɗu. Bulo na jibge, amma ba mai ɗora ɗaya kan ɗaya sai da hatimin kwamiti. Kwamitin kuwa yau zai zauna da sha biyu, in ya tashi sai bayan wata shida.

"Ranka ya daɗe, safiyo ya auna, maƙwabta sun sa hannu, an kafe sanarwa kwana talatin ba wanda ya ce uffan. Fayil ƙafa gare shi?"

Akawu ya jawo ƙaton littafi, ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa. "Yana sashen tsafta."

"Tsafta? Me ya haɗa kifi da kaska?"

Bai jira amsa ba, ya gangara ƙasa gwiwarsa na ƙara. A ɗakin ƙarshe ya tarar da shugabar masu duba-gari, wata dattijuwa mai tabarau. Yana faɗin sunansa ta ajiye biro.

"Ashe kai ne! Malam, mun daɗe muna son ganinka." Ta zaro fayil ta karanta wasiƙarsa da ƙarfi: "'Ina roƙon a ba ni izini in yanke bayan gidana in ba ƙanwata.' Sau biyu muna zama kan maganar nan. Wane irin zumunci ne wannan, mutum ya yanke masai ya ba 'yar'uwarsa?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Kunya ta kama Kafinta kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe akawu layin farko kawai ya karanta, ya ga "bayan gida", ya tura wa masu shi. Sai kuma ya dubi agogon bango: saura minti ashirin.

"Hajiya, marayu ne," ya ce a hankali.

Dariyar ta tsaya. Ta miƙa masa biro. "Ƙara 'filin' a nan, ka sa hannu a gefe." Ta rungumi fayil ɗin da kanta, ta yi gaba yana biye.

Akawu ya ce an rufe jerin sunaye tun jiya.

"Kai ka jefa shi bayan gida, kai za ka tsamo shi," in ji ta. "Ko in shiga in yi wa kwamiti bayani da kaina?"

Nan da nan aka samu gurbi.

Mutum biyar ne a kwamitin. Shugabansu ya baje taswira ya tambayi faɗin hanyar da za ta shiga sabon filin.

"Mita huɗu da rabi, ranka ya daɗe. Doka ta ce huɗu. Rabin na ƙara saboda motar yashi."

Shugaba ya duba sa hannun maƙwabta, ya dubi abokan aikinsa, kowa ya gyaɗa kai. Hatimi ya sauka, dum! Kafinta ya ji daɗin da rabonsa da shi tun ranar da aka haifa masa ɗan fari.

Da la'asar ya samu Auta a bayan gidan, zaune kan bulo ta yi tagumi. Ya miƙa mata takardar. Ta bi ta da yatsa layi-layi har ta zo kan sunanta, shi kaɗai, ba matar wane, ba ƙanwar wane. Ta daɗe tana kallon sunan. Sannan ta share ido da bakin mayafi, ta miƙe ta dubi turakun safiyo, ta dubi inda ƙafafun Kafinta suke.

"Yaya," ta ce, "ka shigo mini gida ba sallama."

Ya ja da baya taku uku, ya gyara hula, ya yi sallama.