Gallar Badamagare

Gonata tana gabas da Kausani. Wadda ke jikinta ta kudu ta Maikano ce, gadon ubansa. Gamba ce ta raba mu.

Halliru mutumin Damagaram ne, ƙasar da Faransa ke mulki. Da jakuna ya fara zuwa, yana kawo kanwa kasuwar Wudil ran Juma'a, yana sauka a zauren Maikano. Wata shekara ya zo da matarsa Safara'u, da 'yarsu Barakatu a goye, bai koma ba. Ya ce aikin tilas na can ya ishe shi. Mai unguwa Labaran ya karɓe shi, aka sa sunansa cikin masu biyan haraji a nan. Ranar da ya fara biya sai da ya zagaya gari yana faɗa wa mutane, kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Tsakaninmu da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni. In na gan shi sai in ce, "Bawana, an tashi lafiya?"

Ya ce, "Lahiya lau, Bakano. Yau wa za a cuta a kasuwa?"

"Iyayenku sun zo da bindiga ba su zauna ba. Kai da jaki za ka zauna?"

"Zan zauna, har a bizne ni nan."

Da gaske yake. Abin da yake so a duniya ke nan, a daina ce masa baƙo.

Lokacin yaƙin Bama aka ɗauki Isyaku soja. Shi kaɗai ne ɗan Maikano namiji. Damina ta yi gardama, hatsi ya yi wuya, Maikano ga tsufa. Da ruwa ya sake sauka sai muka ga Halliru yana huɗa a gonar Maikano. Ba wanda ya tambaya. Ya gina ɗaki biyu a kusurwar gonar, ya rufa da azara, ya kewaye da danga.

Da kaka ta yi, ya zaɓi damin gero mafi girma, ya ɗora a kansa. Bai bi ta bayan gari ba. Ta tsakiya ya bi, ta ƙofar masallaci, ana fitowa daga la'asar, ya kai gidan Maikano ya sauke a ƙofar zaure. Kowa ya gani, kowa ya gane. A wurinmu wanda aka ba aron gona shi ke kai wa mai gona dami da kaka, don kada a manta ta wane ce. Galla ke nan. Kowace shekara haka ya riƙa yi.

Wani rani na ga yana ta jigilar taki daga karar shanu ta Wudil, da jaki ɗaya da ya rage masa, safe da yamma, har bayan jakin ya yi gyambo. Na tsaya a bakin gamba na ce, "Kai Badamagare, gonar aro kake wa wannan hidima? Ranar da ta yi kyau za a karɓe."

Ya duba gabas ya duba yamma. Ya matso.

"Malam Sabo, in hwaɗa maka magana, ta tsaya nan?"

"Ka taɓa jin an ce Sabo ya ce?"

"Ba aro ba ne. Saye na yi. Ina kake jin jakunana suka tahi? Na biya shi duka, gaban liman da wani ɗan'uwana Ƙasimu."

"To damin fa?"

"Shi ya kama hannuna, dattijo yana hawaye. Ya ce kada gari ya ji ya sayar da gonar ubanshi, ɗanshi na bakin yaƙi. Ya ce in rufa mishi asiri. Mutumin da na ci tuwonshi tun ban da tabarma. Dami guda me zai rage mini?"

"Mai unguwa ya sani?"

"A'a."

"Dagaci fa? Alƙali?"

Ya girgiza kai.

Na ce, "Kai wawa ne."

Ya ce, "Wurinmu, wanda ya sauke ka ba ka kunyata shi."

"Nan ba wurinku ba ne. Ka daina kai damin nan. In kana son ka ba shi, ka sussuke ka zuba a buhu, Safara'u ta kai wa matarsa a cikin gida."

Ya yi dariya. "Bakano! Ko alheri sai da wayo. Ai don a gani nake kaiwa. In ba a gani ba, me na rufa mishi?"

Na faɗa sau ɗaya. Ba na maimaita magana ga babban mutum. Na koma aikina.

Yaƙi ya ƙare, Isyaku ya dawo. Bai yi noma ba, ya shiga sayen gyaɗa wa wani attajiri a Wudil. Yaro ne mai ladabi. In ya haɗu da Halliru a hanya yakan sauka daga keke ya gaishe shi. Uban bai gaya masa komai ba.

Liman ya rasu. Ƙasimu ya koma arewa, daga baya aka ce zazzaɓi ya kashe shi a hanya. Safara'u ma ta rasu, muka kai ta maƙabartarmu. Barakatu ta yi aure a Achika. Halliru ya rage shi kaɗai a gidan, shi da gonar. Ta yi kyau kuwa. Ba na yabon gonar kowa, amma duk yankinmu ba ƙasar da ta kai ta baƙi.

Sai gyaɗa ta yi daraja. Motoci suka riƙa zuwa Wudil suna kwasa zuwa Kano. Gonar da a da ba mai kallonta, yanzu 'yan'uwa na zuwa gaban alƙali a kanta.

A cikin wannan hali Maikano ya faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Na sami Halliru na ce, "Tashi mu je."

Muka same shi kwance a kan tabarma, matarsa Fatsuma na kora masa ƙudaje. Muka yi gaisuwa, muka yi ya mai jiki. Na durƙusa kusa da kunnensa.

"Maikano, Sabo ne. Ga Halliru. In ka sayar masa da gonar nan, ɗaga hannunka mai lafiya."

Fatsuma ta ce, "Malam Sabo, ku ji tsoron Allah. Mutum na kwance, ku maganar gona ce ta kawo ku? Wace sayarwa kuma?"

Maikano ya dubi Halliru. Ya dubi matarsa. Miyau na zuba ta gefen bakinsa. Hannun ya motsa kaɗan a kan tabarma, bai tashi ba. Ko kasawa ya yi, ko kunyar ce har a lokacin, ban sani ba.

Na ce, "Maikano, kabari za ka."

Halliru ya kama rigata. "Bar shi, Malam Sabo. Bar shi hakanan." Ya gyara masa mayafi, muka fito.

Maikano bai kai kaka ba ya rasu. Da aka yi girbi, Halliru ya sake ɗaukar dami ya kai wa Fatsuma. Na gan shi zai wuce, na juya masa baya.

Bayan an raba gado, Isyaku ya zo ya sami Halliru a gona. Ina gonata ina jin su. Ya jingine keke, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Barakatu da yaranta.

Sannan ya ce, "Baba Halliru, bana zan karɓi gonar. Gyaɗa nake so in sa. An gode da riƙon amana."

"Wace gona?"

"Ta Baba. Wannan."

"Isyaku, wagga gona tawa ce. Na saya hannun mahaihinka kana wurin yaƙi."

Isyaku ya miƙe tsaye. 

"Baba Halliru, da girmanka? Ni da idona na ga kana kawo galla. Ko bara ka kawo."

"Ba galla ba ce."

"To mece ce?"

Mai unguwa ya kasa raba su, dagaci ya tura su Wudil gaban alƙali.

Alƙalin dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya saurari kowa. Ya ce wa Halliru, tunda ya yarda asalin gonar ta Maikano ce, shi zai kawo shaidun ciniki. Halliru ya ce biyu ne, duk suna ƙasa. Alƙali ya tambayi mai unguwa Labaran ko an sanar da shi. Labaran ya ce, "Allah ya gafarta Malam, baƙo ba ya sayen gona a ƙasata ban kai shi gaban dagaci ba. Ba a zo mini da wannan ba."

Alƙali ya ce akwai sauran hanya. Wanda ya riƙe gona shekara goma, mai ita yana gari yana gani bai yi magana ba, shari'a takan bar masa. Halliru ya wuce goma. Na ga ya ɗago kai.

Alƙali ya ce, "Sai dai in an san da aro ya shiga. Mai aro ko ya shekara ɗari, mai aro ne. Akwai wanda ya san yadda ya shiga?"

Isyaku ya kawo mutum uku. Duk masu sallah ne, ba maƙaryaci a cikinsu. Kowanne ya ce ya ga dami, kowace kaka, a ƙofar zauren Maikano.

Halliru ya ce a kira ni.

Alƙali ya ce, "Kai ne maƙwabcin gona?"

"Ni ne."

"Ka halarci ciniki?"

"Ban halarta ba."

"Ka ji daga bakin marigayi cewa ya sayar?"

"Ban ji ba. Daga bakin Halliru na ji, tun ba rigima, tun gonar ba ta da daraja. Kuma na yarda da shi. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba."

"Abin da mutum ya faɗa a kan kansa ba ya zama shaida don ya bi ta kunnen wani. Ka ga damin?"

"Na gani."

Ya juya wajen Halliru. "Kai me kake kiran damin nan?"

"Kyauta, Allah shi gafarta Malam. Rufin asiri."

Ya juyo wajena. "Malam Sabo, kai dattijo ne a garinku. Mutum yana noma gonar da aka sani ta wani ce. Da kaka ya ɗauki dami ya kai ƙofar gidan mai gonar, da rana, gaban jama'a. Me kuke kiran wannan?"

Na dubi Halliru. Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Galla."

"Tana da wani suna?"

"Ba ta da shi."

Aka ba Isyaku rantsuwa. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse bai san ubansa ya sayar da gonar ba. Gaskiya ya faɗa. Bai sani ba. Alƙali ya ba shi gonar.

Da muka fito, Isyaku ya biyo mu gindin wata tsamiya. Idonsa ya yi ja.

"Baba Halliru, ba korarka nake ba. Ka zauna a ɗakinka. In yanka maka gefen gida ka riƙa nomawa, aro, har iyakar ranka."

Halliru ya ce, "Aro."

"Ko damin ma na yafe."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ba ni zama aro bisa abin da na saya."

A hanya na ce masa ya zo in ba shi gefen tawa. Ya ce ita ma aro ce. Na ce ya tafi Achika wurin Barakatu. Ya ce bai tsufa da zama gidan suruki ba. Na ce to Damagaram.

Ya ce, "Wa na sani can? Gonar ubana an raba tun tuni. Can ma cewa za su yi ga Bakano ya zo."

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Ya cire azarar ɗakunansa da ƙyauren, don su nasa ne ba gardama. Na ba shi jakina ya yi jigila. Ya sayar da su a Wudil, ya kama hayar ɗaki a bayan kara, ya shiga dillancin jakuna. Isyaku ya shuka gyaɗa har jikin bangon, damina ta rushe sauran.

Duk Juma'ar da na shiga kasuwa nakan neme shi. Yana ramewa. In na ce, "Bawana," sai ya ce, "Na'am, Malam Sabo." Ya daina rama wasan. Ni ma na daina.

Wata Juma'a ban gan shi a wajen jakuna ba. Na je gidan da yake haya. Maigidan, wani mahauci, yana zaune a dakali yana wasa wuƙa.

Na yi sallama na ce, "Halliru nake nema."

"Wane Halliru?"

"Mai dillancin jakuna."

"Au, baƙon nan Badamagare? Allah ya yi masa rasuwa, Baba. Tun cikin mako aka kai shi. Mun yi cigiya ba wanda ya san danginsa. Kai ka san shi? Ga tabarmarsa da buta can, ina son ɗakin."

Na ce, "Mutumin Kausani ne."

Ya ce, "To, ai ba mu sani ba."

Na naɗe tabarmar, na ɗauki butar. Ban shiga kasuwa ba. Na hau jaki na kama hanyar Achika, don ba wanda ya aika wa Barakatu.