Ranar da Baffa Muƙbil Ya Harba Ƙwallo

"Ashirin da ɗaya, ashirin da biyu…"

Baffa Muƙbil yana tsaye a bakin fili, kansa a sama, leɓensa na motsi. Bai kai ashirin da uku ba cida ta amsa daga bayan dutse. Ya sa usur a baki ya busa sau uku.

"Ku tattara. Wasa ya tashi."

Ba yaron da ya ko waiwayo. Kullum in ya busa sukan bi shi suna gunaguni, amma ranar daban ce. Wani baƙo ya hawo daga birnin Ibb yana neman yara biyu da zai kai ƙungiyar ƙwallon matasa, da makaranta da abinci duk a kansu. Gari kakaf ya hau filin, wanda shi ne kaɗai wuri mai faɗi a kan tudunmu. Maza sun jeru a kan katangar duwatsu, kumatu cike da ganyen kat da suke taunawa kamar goro. Mata suna gefe guda.

Cikinsu akwai Takiya, wadda bango ɗaya ya raba gidanta da na Baffa Muƙbil. Tun da matarsa ta rasu ita take miƙa masa gurasa mai zafi ta kan bangon kowace safiya. Ɗanta Hamud ne a raga, shekararsa goma sha uku. Ubansa ya tafi neman aiki shekara huɗu ke nan, ba shi ba labarinsa. Daren jiya ita ta ɗinke wa yaron tsohon takalminsa da zaren buhu.

Alhaji Shamsan, wanda ya gayyato baƙon, shi ne kuma ya sa aka kafa bututun ƙarfe a matsayin turakun raga, ya miƙe yana gyara wuƙar ɗamararsa.

"Muƙbil, ka ji kunya mana. Mutum ya yi awa uku yana hawan dutse a mota."

"In ya sauka lafiya ya gode Allah."

"Wata biyu muna fita sallar roƙon ruwa, har da shanu da jarirai. Yau Allah ya turo rahama, kai kuma ka ce mu ba ta baya? Wa ya taɓa gudun baƙonsa?"

"Ba ruwan nake gudu ba, Alhaji. Abin da ya riƙo a hannu nake gudu. In aka yi walƙiya ban ƙirga talatin ba aka yi tsawa, to tana kanmu."

Wani daga katanga ya ce, "Ƙyale shi, Alhaji. Tun da ya faɗo daga falwayar lantarki, ko ashana aka ƙyasta sai ya ƙirga."

Aka yi dariya. Gaskiya ne ya faɗo. Shekara ashirin ya yi yana hawan turakun wuta a birni, ya dawo mana da ƙafa ɗaya gajeriya, da ƙwallo, da usur.

Takiya ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta ja mayafinta ta matsa kusa da shi.

"Baffa, don Allah minti goma. Ko sau ɗaya ba a buga wa Hamud ba. Mutumin bai ga komai ba."

"Uwar Hamud, dubi inda ɗanki yake. Da ƙarfe yake jingine."

"Ajali ba ya jiran hadari, Baffa." Ta so ta tsaya nan, amma bakinta ya wuce ta. "Kai dai ba ka da ɗa a ciki, shi ya sa."

Allah bai taɓa ba shi haihuwa ba, kowa ya sani. Ya dube ta kawai, irin kallon da ake wa mutum in ana son a tabbatar shi ne.

Sama ta sake haskawa. Wannan karon ƙirgansa a tara ya tsaya.

Ya shiga filin yana ɗingishi. Yara suka zaci faɗa zai raba, suka dakata, ƙwallon ta gangaro gabansa. Ya ɗauke ta, ya juya wajen gangare, ya sake ta, ya zuba mata lafiyayyar ƙafarsa. Ba mu taɓa ganin ya yi bugu irin wannan ba. Ta tsallake gonaki hawa uku, ta dira a harabar makaranta can ƙasa.

Ƙwallo ɗaya ce a garin. Yara ashirin da biyu suka kwasa a guje suna dirar matakala, suna zage-zage. Hamud ne na ƙarshe. Da zai wuce ya ce, "Allah ya isa, tsohon nan," kuma Takiya ba ta kwaɓe shi ba.

Sai ga ruwa, manyan ɗigo masu sanyi. Baƙo ya ruga motarsa ya rufe. Mazan da suka ce ba a gudun rahama suka cusa ledar kat ɗinsu cikin riga kada ta jiƙe, suka gangara. Mata suka bi baya. Kafin a ce me, kowa ya cushe a cikin ajin makaranta, ana matse tufafi, Alhaji Shamsan yana rantsuwa gobe sai ya karɓe usur ɗin.

Ba wanda ya jira mai ɗingishi.

Takiya tana bakin ƙofa ta ɗaga kai. Ta hango shi can sama, shi kaɗai, bai gama ratsa filin ba, yana jan ƙafa. Sai komai ya yi fari. Mutane sun ce ƙarar ta zubo da ƙasa daga rufin aji. Ita dai ba ta tuna ta ji wata ƙara ba.

Sai da tsawa ta yi nisa maza huɗu suka hau, suka sauko da shi a kan ƙyauren makaranta. Takalminsa ɗaya a can aka tsinto shi, kusa da raga.

Ba shi da mace a gida, don haka a ɗakin Takiya mata suka yi zaman makoki. Ita ta hura tanderu kwana uku, ita ta dafa ruwan ɓawon gahawa na masu gaisuwa. Rana ta biyu ta kai buta ƙofar ɗakin maza, ta tsaya tana jiran a karɓa, ta ji muryar Alhaji Shamsan.

"Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Amma ku duba ikon Allah. Shi mai ƙirgan shi tsawar ta ɗauka. Mu da ba mu ƙirga ba ga mu zaune."

"Haka ne," aka amsa. "Ajali ne."

Wani ya ce, "Dawa kuwa bana sai dai godiya."

Butar tana ƙona mata hannu. Ta so ta tura ƙyauren ta tambaye su yara nawa ne a filin kafin ya buga ƙwallon nan, kuma ɗan wa ke jingine da ƙarfe. Amma da wane baki? Ta ajiye butar a ƙasa ta juya.

Baƙon bai sake dawowa ba. Hamud ya yi kwana biyar ba ya magana, ba ya cin gurasa in ba a tsaya a kansa ba. Rana ta takwas yara suka zo suka kira shi, ya dubi uwarsa, ba ta ce je ka ba, ba ta ce zauna ba.

Bayan la'asar ta hau tudun da kanta, ta zauna a kan katanga inda za ta riƙa ganin gabas. Ciyawa ta tsiro ko'ina, kore shar, in ban da wuri ɗaya kusa da tsakiyar fili, baƙi, faɗinsa bai wuce faifai ba. Yara suna gudu, suna kiran sunan juna. Duk wanda ya zo wajen da ƙwallo sai ya karkace ya zagaye shi, sannan ya ci gaba.