Jakar Fitsarin Baba Mijinyawa

Da hantsi aka kawo Baba Mijinyawa daga Madadi, gudawa ta tsotse shi, jininsa ya yi ƙasa. Ni ce nas mai kula da ɗakin maza a ranar. Likita ya ce in ɗura masa rabin ledar ruwa da sauri, sannan mu tsaya mu gani. In jini ya ɗago kuma fitsari ya sauko cikin awa ɗaya, sai mu ci gaba. In shiru, ƙarin ruwa zai cika masa huhu, dole a wuce da shi Kano. Mu duka mun san da wuya tsohon ya kai ko garin Kabo da rai, balle Kano.

Na sa masa robar fitsari, na ja layi da biro a jikin jakar, inda muke so fitsarin ya kai. Na yi wa babban ɗansa Muntari bayani dalla-dalla, yana gyaɗa kai yana danna waya.

Awa na cika na dawo. Jini ya ɗan motsa, ba yadda za a yi murna ba. Jaka kuwa fayau, ko ɗigo babu. Likita ya soma rubuta takardar Kano.

Sai ga Inna Furera, matarsa, ta shigo da bokiti a ɗauraye.

"Inna, me kika zubar?"

"Ƙazantar nan mana. Surukan Malam ne suka zo dubiya daga Kara. Haba 'yar nan, su zauna suna kallon fitsarinsa?"

Mutum yana tsakanin rai da mutuwa, ita surukai take ji! Na balbale ta da faɗa har marasa lafiya suka ɗaga kai. Ta bari na gama tsaf.

"Wa ya gaya mini?" ta ce. "Tun safe ina nan zaune. Kun zo kun wuce ni, kun je kun gaya wa mai waya."

Na leƙa waje. Muntari yana gindin darbejiya, har lokacin waya yake. Haushi ya ƙara kama ni, amma yanzu har da haushin kaina. Shekara tara ina wannan aiki, kullum namiji nake nema in yi wa bayani, wadda ke riƙe da bokitin kuwa ko kallo.

Na roƙi likita ya ajiye biron, ya ba mu awa ɗaya. Na durƙusa na nuna wa Inna layin.

Kafin azahar wasu 'yan dubiyar suka cika ɗakin. Na kutsa tsakaninsu. Inna Furera tana zaune a ƙasa, ta lulluɓe jakar da mayafinta, ta dafe da hannu biyu. Ta ɗaga gefen kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

"Ya wuce layinki," ta ce. "Malam ba inda za shi."