'Ya'yan Wuri a Gidan Kawu

"Kura ta tare maka hanya, ga garkenka a baya," na ce wa yayana Lamine. "Mi za ka yi?"

"Sanda zan ɗaga!"

"To, watsa."

Ya watsa 'ya'yan wuri a tabarma. Yawancinsu suka faɗi baki sama. Kura ta arce, abokansa suka kaure da shewa.

Ni na ƙirƙiro wasan nan tun ina lise, wato sakandare, a Tasawa. Kowa ya zaɓi wanda zai zama, makiyayi ko maharbi ko 'yar kasuwa, ni in ja labari, wuri ya yanke ko dabararsa ta ci. Burina in buga shi a kwali wata rana. Amma akwai abin da ya fi min wannan. Tun da Lamine ya zama makiyayi a tabarmata, in ya ajiye babur ɗin kabu-kabu da la'asar gida yake yowa, ba wajen mai sayar da ƙwayar tramol ba.

Sai ga Kawu Na Allah, mai riƙonmu tun rasuwar Baba.

"Innalillahi! Duba a gidana? Zahra'u, bokanci kika koyo a lakol?"

"Kawu, wasa ne. Ba mu gaya wa kowa gobensa."

"Wuri dai wuri ne!"

Ya tattare su ya zuba a masai, ya fatattaki samarin.

Wallahi raina ya ɓaci. "Kawu, ga mai tramol nan jikin katangarka, kullum sai kun gaisa. Shi ba ka taɓa kora ba!"

Ya ɗaga hannu. Na tsaya ƙyam ina dubansa, har ya sauke ya shige ɗaki.

* * *

Ba a daɗe ba Lamine ya koma ruwa.

Na tsinto ƙwallayen dabino a madadin wuri, na shafa wa gefe guda gawayi. Na shimfiɗa tabarmata a bakin titi, daf da teburin mai tramol. Wanda ya isa ya kwashe titin ya kai masai!

Abokan suka zo. Can sai ga Lamine, ido jawur, ya zube gefena.

"Yaya, kai ake jira."

Na zuba masa ƙwallayen a tafi, na naɗe yatsunsa a kai. Ina saki suka zame ƙasa, ya bi su da kallo.

"Ni wane ne ma a ciki?" ya ce.

Na tsince su daga yashi, na sake zuba masa.