Amsa Daga Layi Na Uku

Mahaman ya daɗe yana sayar da hulunan hana-sallah a bakin filin wasan Yankee da ke birnin New York, amma bai taɓa shiga ya kalli besbol ba. Bai san yadda ake cin maki a wasan ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da ya sani shi ne huluna. Ya san launin kowace ƙungiya da tambarinta, ya san wadda ta ci kofi da wadda ta ƙaura ta bar garinta, don tsofaffin Turawa kan tsaya a teburinsa su nemi hular ƙungiyar da ta daɗe da tashi, su kuma ba shi labarinta ko bai tambaya ba.

A watan Nuwambar 1996 an gama kakar wasa, filin ya yi tsit, kuma Asabar ɗinsa ta zama tasa. A makon ne 'yarsa ta fari, Raudatu, mai shekara goma sha huɗu, ta zo da magana a kan abincin dare a gidansu da ke Mount Hope, cikin unguwar Bronx. Makarantarsu ta kai wasan ƙarshe a gasar kacici-kacici. Za a yi tambayoyi kan tarihi, da tsarin mulki, da kimiyya, da besbol, a wata makaranta da ke Flatbush, can unguwar Brooklyn. Kowane ɗalibi zai zo da babba guda daga gida.

"To, sai a faɗa wa Abdulhamid," in ji mahaifiyarta, Habsatu.

Abdulhamid ƙanen Habsatu ne, yana aikin fassara a wani ofishi a Manhattan. Shi ke zuwa duk wani taron makaranta da kwat ɗinsa da jakarsa. Malaman ma sun ɗauka shi ne uban.

"Ba Tonton Abdulhamid ba," Raudatu ta ce da Turanci, idonta a kan kwano. "Baba nake so ya zo."

Mahaman ya ci gaba da tauna kamar bai ji ba. A Maraɗi, inda ya tashi, mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya zura masa ido. Shi kansa bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Raudatu a wurinsa "ke" ce, ko "yarinyar ga". Ko Habsatu da sunan ƙaramin ɗansu take kiransa.

"Baban Zaid, da kai hwa ake."

"Na jiya," ya ce. "Mi za ni yi can?"

"Zama kawai za ka yi. Ko shi ma ya gagare ka?"

Ranar Asabar ya sa shaddarsa ruwan toka, ya ɗora babbar rigar sanyi a kai. Suka shiga jirgin ƙasa na layin D daga Grand Concourse, tafiya mai tsawo har Brooklyn. Raudatu na gefensa tana bitar sunayen duniyoyin da ke kewaya rana. Shi kuwa yana kallon taga, yana jin wani daɗi da ba zai faɗa wa kowa ba. Yau za a gan shi a matsayin ubanta.

Zauren makarantar ya cika da iyaye. An jera tebur biyu a kan dandamali, ɗalibai huɗu-huɗu, kowane tebur da ƙararrawarsa. Alƙaliyar gasar wata dattijuwar malama ce mai tabarau a kan karan hanci. Ta bayyana doka a hankali, kuma Mahaman ya fahimce ta sarai: ana jefa tambaya ga ɗalibi guda, in ya kasa kafin lokaci ya cika, ta koma wa ɗaya ɓangaren. 'Yan kallo ba su da baki.

Ya zauna a layi na uku. Da yake ba zai iya kafa wa 'yarsa ido a bainar jama'a ba, sai ya mai da dubansa ga teburin abokan karawarta. A can akwai wani siririn yaro mai manyan kunnuwa, an rubuta Abukari a gabansa. Daga sunan Mahaman ya gane ɗan Zangon Gana ne.

Aka fara. Shekara nawa ɗan majalisar dattawa ke yi kafin a sake zaɓe? Shida. A wane gari aka rubuta tsarin mulkin ƙasar? Philadelphia. Muryar Raudatu ce ta faɗi wannan, a tsaye cak, ba rawa. Matar da ke gefensa ta tafa, ta juyo ta ce masa, "Yarinyar can akwai kai." Mahaman ya gyaɗa kai kamar maganar 'yar wani ake yi. Amma a cikin aljihu yatsunsa sun sarƙe da carbi.

Haka aka yi ta tafiya, wannan ya ci, wancan ya rama, har aka zo tambayar ƙarshe maki kunnen doki. Ta faɗa kan Abukari.

"Besbol," in ji alƙaliya. "Wace ƙungiya ce ta bar birnin New York bayan kakar 1957 ta koma San Francisco?"

Yaron ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi rufi. Zauren ya yi shiru har ana jin ƙarar bututun ɗumama ɗaki.

Mahaman ya san irin wannan shirun. A zauren mahaifinsa, in yaro na biya karatu ya sarƙe, ba a barinsa ya nutse. Duk babban da ke kusa sai ya jefa masa kan ayar, yaron ya cafe ya wuce. Ko liman ne ya kakare a sallah, na bayansa ke tuna masa. A masallacinsu na Bronx ma an san Mahaman da wannan, har ana tsokanarsa wai kunnensa ya fi na ladan. Barin yaro cikin irin wannan hali, ana kallonsa yana zufa, a tarbiyyarsa mugunta ce. Ga kuma hular ƙungiyar ta faɗo masa a rai: baƙa, da harufan ruwan lemo, wadda wani tsoho mai sanda ke tambayarsa duk shekara.

Bai yanke shawara ba. Bakinsa ne ya riga shi.

"Giants."

A ganinsa a hankali ya faɗa. Amma muryar da ta saba kiran masu saye a ƙarƙashin gadar jirgi ba ta san hankali ba. Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Abukari ya maimaita kalmar a makirufo da sauri kamar wanda aka miƙo wa igiya a rijiya.

Alƙaliya ta ɗaga hannu. "Wa ya yi magana?"

Babu wanda ya nuna shi, amma kowa shi yake kallo. Mahaman ya miƙe.

"Malam, kai ne mahaifin Abukari? In haka ne, za a rage wa teburinsu maki."

Wani ƙaton mutum a layin gaba ya zabura. "Ni ne baban shi!" ya ce da Turanci, sannan ya juyo ga Mahaman da Hausar Zango. "Massa, kai daga ina? Wa ya aike ka? Kana so ka ɓata mana ne?"

"Gahwara," in ji Mahaman. "Na ga yaron ya tsaya ne."

"Ya tsaya, sai me? Motarka ce da za ka tura?"

Waɗanda suka ji Hausa suka kwashe da dariya. Alƙaliya ta buga tebur.

"Malam, da wane ɗalibi ka zo?"

Ya ɗaga hannu ya nuna ɓangaren hagu na dandamalin ba tare da ya kalli wurin ba.

"Su huɗu ne a can. Sunan ɗanka ko 'yarka nake tambaya."

Sunan na kan harshensa. Shi ya zaɓe shi, shi ya raɗa wa liman ranar suna. Amma ya faɗe shi da ƙarfi, a tsaye, gaban ɗaruruwan mutane, abu ne da bakinsa bai taɓa yi ba. Ya ji zufa na bin bayansa a ƙarƙashin rigar sanyi. Wata mata a baya ta ce wa maƙwabciyarta, ba a ɓoye ba, "Bai san sunan ɗansa ba."

Sai makirufo ya yi ƙara.

"Mahaifina ne," in ji Raudatu da Turanci. "Sunana Raudatu."

Alƙaliya ta dube ta, ta dubi Mahaman, ta gyara tabarau. Ga alama ba ta taɓa cin karo da uban da ya taimaki abokan karawar 'yarsa ba. Ta yi shawara da malamai biyu, sannan ta yanke hukunci: an soke tambayar, za a ba Abukari wata. Ta roƙi Mahaman ya jira a waje.

Ya ratsa layin yana taka ƙafafun mutane yana ba da haƙuri. Daga baranda ya ji sabuwar tambayar ta lasifika. Kimiyya ce: wane ƙashi ne mafi tsawo a jikin mutum? Abukari bai ko ja numfashi ba ya ce ƙashin cinya. Zauren ya ɗauki tafi.

Mutane suka fara fitowa. Baban Abukari ya wuce riƙe da kafaɗar ɗansa, ya hango Mahaman, ya ɗaga masa hannu yana dariya. "Massa, mun gode fa! Wata shekara ma ka zo." 'Yan teburin Raudatu suka fito tare da malaminsu, ba wanda ya dube shi. Ita ce ta ƙarshe. Ta zuge zif ɗin rigarta har wuya ta yi gaba, ya bi ta a baya har tasha.

A jirgi ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa. Sun haye gada, ruwa na ƙasa, kafin ta yi magana.

"Na san amsar."

Ya ɗago kai.

"Hannuna na kan ƙararrawa tun kafin ta gama karantawa. Jira kawai nake lokacinsa ya cika. A teburinka na koya, ranar da tsohon nan ya zo yana ba ka labari." Ta juya ga taga. "Da ka kalle ni sau ɗaya, da ka gani."

Mahaman ya nemi abin faɗa. Ya so ya yi mata bayanin zauren mahaifinsa, da yadda ake yi a gida, da cewa rashin kallon ba rashin so ba ne. Duk lokacin da ya jera maganar a ransa sai ya ji ta yi masa ƙanƙanta. Ya kalli takalmansa har suka iso Bronx.

Habsatu ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu, Zaid na leƙowa ta bayanta.

"Yaya? Ina kofin?"

"Ba mu ci ba," in ji Raudatu tana cire takalmi.

"Ash! Mi ya hwaru?"

Mahaman ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a kan maɓallin riga. Ya jira.

"Tambayar ƙarshe ta kimiyya ce," ta ce. "Su aka ba, suka sani."

"To, ba komi, na biyu ma abin arziki ne. Babanki hwa? Ya zamna lahiya, ko barci ya yi?"

"Ya zauna," in ji Raudatu. Ta shige ɗakinta ta tura ƙofa.

Habsatu ta zuba masa tuwo ta ajiye a gabansa, tana ta faɗin yadda za ta kira Abdulhamid ta ba shi labari. Mahaman ya wanke hannu ya zauna. Ya gutsuri loma ya riƙe, yana kallon rufaffiyar ƙofar, har miyar ta huce.