Hannun Hagun Ɗan Takara

Shayin ya zubo ta gefen bakinsa na hagu, ya gangaro kan farar rigarsa, shi kuwa bai ji ba.

Ita kaɗai ta gani. Mai kwalliyar gidan talabijin ta juya tana neman hoda, daraktan kamfe yana bakin ƙofa yana waya. Saura minti ashirin a fara muhawarar safe, kai tsaye.

Wata takwas ke nan tana jagorantar sashen tallata ɗan takarar, wanda kuma kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta. Ita ta gano cewa jama'a ba manufofi ne a gabansu ba. Abin da ke ci musu rai shi ne mai riƙe da kujerar ya tsufa, rabin shekara yana jinya. Sai ta ɗora komai a kan lafiyar Kawu. Ta raba shi da sandar da yake riƙewa don ado, ta sa aka ɗauke shi hoto yana sauke buhu daga mota, ta hana shi zama a wurin taro ko da awa biyu za a yi.

"Kawu, ɗaga min hannayenka biyu."

"Uwata, yau kuma fareti za ki sa ni?" Ya yi dariya, amma maganar ta fito da nauyi, kamar da abinci a bakinsa. Hannun dama ya tashi. Na hagu ya kai rabi, ya koma kan cinya.

Ta bi hannun da kallo. Haka mahaifinta ya fara, kuma bai sake takawa ba har ya rasu.

Ta ja Darakta waje. "Asibiti za mu kai shi. Yanzu."

"Gajiya ce, Malama. Kwana uku bai yi barcin kirki ba."

"Bakinsa ya karkace."

Darakta ya rage murya. "In ya fita daga nan a kwance, kafin azahar hoton ya shiga kowace waya. Ke kika koya wa mutane gudun mai jinya. Minti arba'in ne fa kawai."

Ta koma ta durƙusa gaban kawunta, ta faɗa masa abin da take tsoro. Ya daɗe yana kallon hannun nasa. "Na ji ki," ya ce. "Bar ni in gama tukuna."

Ta san abin da ya kamata ta yi. Maimakon haka, sai ta yi abin da ta iya. Ta sa aka kawo wata riga. Ta roƙi mai shirin ya sauya masa wurin tsayuwa, yadda kyamara za ta ɗauko ɓarinsa na dama. Ta cusa hannun hagun a aljihu, ta soke dogayen amsoshin da ta rubuta, ta bar masa gajeru. Aikin ya fita tsaf.

Daga bayan labule ta tsura wa allon ido. Tambaya ta farko ya wuce lafiya, ta biyu ma haka. Darakta ya ɗaga mata babban yatsa. Ita ba amsar take ji ba, ƙafarsa ta hagu take kallo, yadda take zamewa a hankali yana jawo ta.

A tambaya ta huɗu ya buɗe baki, kalmomin suka fito a hargitse, babu kai babu gindi. Wasu 'yan kallo suka yi dariya, sun zaci zolaya ce. Ya waiwayo wajen labulen yana nemanta, da idon da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

Darakta ya riƙe mata hannu, ta fizge, ta ratsa gaban kyamarori, ta tallafe shi. "Ku kashe," ta ce. "Ku kawo mota."

A asibiti ta tarar mahaifiyarta ta riga su, mayafinta a baibai. A talabijin ta gani. Aka shige da Kawu, likita ya tsaya da takarda a hannu.

"Yaushe aka fara ganin alama? Maganin da za mu ba shi yana da lokaci, kada a ɓoye min."

"Yanzun nan, a kan dandali," in ji Darakta.

"A'a," ta ce a gaban mahaifiyarta. "Ya fi awa ɗaya. Tun kafin ya hau."

"Wa ya gani?"

"Ni."

Likitan ya rubuta, ya shige da sauri. Darakta ya matsa gefe. Wayarta sai kuka take, 'yan jarida ne ke neman sanarwa.

Mahaifiyarta ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ta ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta fito da takalman Kawu a leda, ta rasa wa za ta miƙa wa. Tsohuwar ta karɓa, ta rungume a ƙirji, ta zauna a ƙarshen benci.

"Kashe wayar nan," ta ce. "Zo ki zauna."

Ta zauna. Tsakaninsu akwai wurin mutum ɗaya. Suka zuba wa ƙofar ido.