Hannun Auta

Lauya ta shigo kotu da murnarta. Yau dai ba mai cewa motar gidan yari ta lalace: an kafa talabijin, Auta, direban da take karewa, zai yi magana daga can.

Sai ka ce da gayya, ana farawa sai hoton ya tsaya cak, bakin Auta a buɗe. Magatakarda ya bubbuga na'urar har ya haɗa gumi. Alƙali ya ɗage zaman.

A baranda lauya ta tari mahaifiyar Auta. "Yi haƙuri, Mama. Ni na nemi wannan tsarin, wai don a yi sauri."

"Ba komai, 'yata. Shekara uku ana ɗagewa, na saba. Amma da, in za su wuce da shi ta nan, nakan taɓa hannunsa."